Darasi Na 18: Gidan Mandela Mai Lamba 8115

Can a ƙurewar Afirka wajen kudu akwai wata ƙasa, ana ce da ita Afirka ta Kudu. Babban birninta na ciniki shi ne Johannesburg, garin da aka kafa saboda haƙar zinariya. Kudu maso yamma da birnin akwai wata babbar unguwa ta baƙar fata, sunanta Soweto. Yau za mu karanta labarin wani ɗan gida da ke cikin unguwar nan.

Lambar gidan 8115. Ku dube ta da kyau, ku karanta: dubu takwas da ɗari da goma sha biyar. Yana bakin wata hanya da ake kira Vilakazi. An gina shi a 1945 da jan bulo, aka yi masa rufin kwano da daɓen siminti. Ɗakunansa ƙanana ne ainun. Hukumar birni ce ta gina irinsa da yawa, duk fasali ɗaya, tana ba baƙar fata haya. Mutane suka riƙa kiransu akwatin ashana, saboda ƙanƙantarsu.

Mai Gidan

A 1946 wani saurayi ya tare a gidan tare da matarsa Evelyn. Sunansa Nelson Mandela. An haife shi a 1918. Sa'ad da ya shiga gidan babu lantarki a ciki, sai fitilar kananzir. Daga baya ya zama lauya. A 1952 ya buɗe ofishi shi da abokinsa Oliver Tambo, talakawa suna kawo musu ƙararraki.

A zamanin nan Turawan ƙasar ke riƙe da mulki su kaɗai. Suka kafa dokokin wariyar launin fata. Baƙar fata ba shi da ƙuri'a. Ba ya zama a unguwar da ya ga dama. Ba ya yawo cikin birni sai da takardar izini a aljihu. Mandela da jama'ar ƙungiyarsa ta ANC suka ce ba su yarda ba.

Aurensa na fari ya mutu. A 1958 ya auri Winnie, ita ma ta tare a gidan. A 1961 ya bar gida ya shiga ɓuya, don hukuma na nemansa. A 1962 aka kama shi. A 1964 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya yi shekara 27 a kurkuku, 18 daga ciki a wani tsibiri da ake kira Robben.

Wahalar Gidan

Mai gida na kurkuku, gida kuma bai huta ba. 'Yan sanda suna zuwa bincike dare da rana. An yi harbi a gidan, an jefa masa kwalaben fetur masu wuta. A 1977 hukuma ta kori Winnie daga Soweto, ta kai ta wani ƙaramin gari mai nisa, sunansa Brandfort. A 1988 kuma aka sa wa gidan wuta cikin wata rigima ta unguwa, ya ƙone, aka sake gyara shi.

Komai nisan dare gari zai waye. Ran 11 ga Fabrairu, 1990, aka saki Mandela. Ya komo gidan nan nasa, amma kwana 11 kaɗai ya yi a ciki. Gidan ya yi kaɗan ga taron jama'ar da ke zuwa gaishe shi. A 1994 aka yi zaɓe na farko wanda kowa da kowa ya jefa ƙuri'a, baƙi da fari. Mandela ya zama Shugaban Ƙasa. Da ya cika shekara biyar, a 1999, ya sauka don kansa, bai nemi ƙari ba. Ya rasu ran 5 ga Disamba, 2013.

Gida Ya Zama Na Jama'a

To, ina labarin gidan? Da wani ne, watakila ya rushe shi ya tayar da soro a wurin. Mandela bai yi haka ba. A 1997 ya ba da shi ga wata ƙungiyar amana ta Soweto, don a mayar da shi gidan tarihi. A 1999 hukuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a rushe ko a sāke musu kama. A 2008 aka rufe shi aka yi masa gyara, aka buɗe a 2009.

Ku lura da irin gyaran. Ba a ƙara wa ɗakunan girma ba. Ba a toshe ramukan harsashi da ke jikin bango ba. An bar su yadda suke. A ciki an ajiye hotuna, da takardu, da shaidun girmamawa da jami'o'i suka ba shi, da wata ɗamarar dambe da ɗan damben Amurka Sugar Ray Leonard ya ba shi kyauta.

Me ya sa aka bar gidan haka? Don gani ya kori ji. Yaron da aka haifa bayan 1994 bai ga zamanin wariya ba. In an gaya masa da baki, yana iya cewa an ƙara gishiri. Amma in ya tsaya cikin ɗan ɗakin nan, ya ga ramin harsashi da idonsa, ba sauran gardama. Zai kuma gane shugaba na iya fitowa daga gidan haya.

Mu ma muna da irin waɗannan. A Kaduna, gidan Sardauna Ahmadu Bello ya zama Gidan Arewa, inda ake adana takardun tarihi. A Kano, gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Wanda ya iya karatu, in ya shiga irin wurin nan, ba sai an karanta masa abin da ke jikin bango ba.

Tsohuwar takardar gona, ko wasiƙar kaka, ko hoton mahaifi, kada ku bar wa gara. Ku adana su. Jikokinku za su tambaya.

Tambayoyi

1. A wace unguwa gidan Mandela yake?
2. Shekara nawa ya yi a kurkuku?
3. Me ya sa ba a toshe ramukan harsashi ba?
4. Daga 1946 zuwa 1997 shekara nawa ke nan?

Aiki: Kowa ya rubuta layi uku a kan gidan da ya fi tsufa a garinsu, da sunan wanda ya gina shi.