Fitilar Hanya Tsakanin Unguwa Da Unguwa

Ran nan bayan sallar lisha na taso daga Maitumbi bisa keke, za ni cikin garin Minna. A bakin kantuna haske tar, kowa da ƙwan lantarkinsa. Ina wuce su sai na faɗa cikin duhu, saura ƙiris in zurma lambatu. Abin mamaki, akwai farin wata a daren, kuma na sha bin hanyar ƙauye da hasken da bai kai wannan ba. To, me ya makantar da ni?

Amsar tana cikin ido. Kadan mutum ya fito daga haske mai ƙarfi, idonsa ba ya sabawa da duhu nan da nan. Yakan yi minti 20 zuwa 30 kafin ya saba sarai. Mai keke kuwa cikin daƙiƙa 5 ya ci yadi 20. Watau haɗarin yana daidai inda haske ya yanke, tsakanin wannan unguwa da waccan, wurin da ba kanti, ba gida, ba mai cewa nasa ne.

Saboda haka mai tsara fitilun gari ya kamata ya sa haske ya riƙa raguwa sannu-sannu daga kasuwa zuwa irin wannan fili. Sai ya tuna da ƙa'idar da muke koyarwa a aji: in ka ninka nisanka daga fitila sau biyu, hasken da ya same ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka akan bar tsakanin sanda da sanda kamar tsawonta uku ko huɗu. In aka wuce haka, sai hanya ta yi dabbare-dabbare. A ganina fitilu goma marasa ƙarfi a jere sun fi uku masu kashe ido. Kuma a kifa kansu ƙasa, gama hanya ake so a haska.

Hanyar Shiroro, inda madatsar ruwa ke ba da lantarki tun 1990, ta Maitumbi ta bi. Amma ga filin da waya ba ta kai ba, fitila mai cajin rana ta isa.

Malamai, ku gwada da yaranku. Ku rufe tagogi, ku kunna tocila, yaro ya riƙe littafi a ƙafa 3, sa'an nan a ƙafa 6, ya faɗi inda karatu ya fara gagararsa.