Ku Faɗa wa Maraya Ba Shi Ya Jawo Ba

Idan aka yi rasuwa a gida, kowa yana da wurin zamansa. Maza suna ƙofar gida bisa tabarma suna amsar gaisuwa, mata suna ciki, mai takaba tana ɗaki an kewaye ta. Yaro kaɗai ne ba shi da wuri. Tun kafin a fito da gawa an tura shi gidan maƙwabta, an danƙa masa ƙosai, an ce ya je ya yi wasa. In ya dawo ya tambaya, sai a ce, "Babanka ya yi tafiya." A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, baƙi su watse, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Ni malamin lakwal ne a karkarar Sassumbrum. Yaran nan hannunmu suke dawowa bayan an tashi daga zaman makoki, kuma abin da nake gani a aji shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji huɗu. Mahaifiyarta tana da tsohon ciki. Wata safiya ta aike ta rijiya, yarinya ta tsaya wasa da ƙawayenta har rana ta take. Uwar ta ɗauki tulu da kanta ta fita tana faɗa: "Ke dai sai kin ga bayana za ki huta." A daren nan jini ya ɓalle mata. Aka ɗora ta a amalanke zuwa likita, daga can aka wuce da ita Magarya, rai ya yi halinsa. Yarinyar kuwa aka kai ta ƙauyen gwaggonta, ana ce mata Inna tana likita. A bakin yara ta ji gaskiya, wajen ɗibar ruwa.

Da ta dawo aji, yarinyar da ke rige-rigen ɗaga hannu ta koma can baya ta lafe. Ta fara fitsarin kwance. Kullum da asuba ita ce a rijiya, sai ta cika duk randunan gidan kafin ta taho, har mutane suna yabo, wai mutuwa ta sa ta yi hankali. Ranar da na tsayar da ita na tambayi dalilin makararta, ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Mushe, da na kawo ruwan da wuri, da Inna ba ta mutu ba, ko?"

Na je na sami kakarta. Na ce, "Iya, yarinyar nan gani take ita ta kashe uwarta." Tsohuwa ta yi salati ta riƙe baki. Ta ce, "Wallahi Mushe, don tausayinta muka yi shiru." Na yarda da ita. Amma shirun nan ne ya bar ƴar shekara tara da wannan nauyi wata da watanni. Sai da kakar ta kira ungozoma ta yi wa yarinyar bayanin abin da ke sa jini ya ɓalle wa mai ciki, ta kuma rantse mata cewa tulu ba shi da hannu a ciki, sannan ta fara sakin jiki, a hankali.

Wannan ba halin yaranmu kaɗai ba ne. Tun a 1948 wata masaniya mai suna Maria Nagy ta binciki yadda yara 378 a birnin Budapest suke fahimtar mutuwa. Ta gano cewa ƴan ƙasa da shekara biyar suna ɗaukarta kamar barci ko tafiya, abin da ake dawowa daga gare shi, kuma sai wajen shekara tara yaro yake gane cewa tana kan kowa. Ƙaramin yaro kuma yana zaton maganarsa ko fushinsa na iya sa abu ya faru. In ba a ba shi dalili ba, zai nemo da kansa, kuma sau da yawa kansa yake ɗora wa.

A yankinmu akwai mutuwar da ta fi wannan wuyar faɗa, wato ta ci-rani. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, galibi daga Kance, maƙwabtanmu. Irin wannan mutuwa ba gawa, ba kabarin da za a nuna. Labari ya iso ta salula, manya su binne shi a ciki. Na san yaron da duk ranar kasuwa yake gudu tasha yana leƙa motoci, alhali kowa a gidan ya san uban ya rasu a Libiya. Da ya gane, bai ƙara yarda da maganar kowa a gidan ba.

Sai kuma cutar da ake jin kunyar ambata, kamar tarin tibi da ƙanjamau. Ban ce a zazzage wa ɗan shekara shida komai ba. Akwai maganar da sai ya girma. Amma jinkirta bayani daban, ƙarya daban. Kuma ko ba a faɗa masa sunan cutar ba, a kai shi likita a auna shi, domin ɓoyon nan yana iya cin ransa. Mafi muni shi ne a rufe cutar da zargin maita ko sammun kishiya, yaro ya tashi yana ƙin matar da ke ba shi tuwo.

Masu hana yaro kuka suna cewa addini ne, su duba tarihi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da shekara shida mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa, Ummu Aiman ta komo da shi Makka. Bayan ya girma ya ziyarci kabarinta ya yi kuka. Kururuwa da yage tufafi aka hana, ba hawaye ba.

Don haka, iyaye da kakanni, wanda yaron ya fi sabawa da shi ya faɗa masa tun ranar, da kalmar da ba ta da harshen damo: Inna ta rasu, ba za ta dawo ba, ciwo ne ya zo da ajali. Ku ƙara da cewa ba abin da ya yi ko ya faɗa da ya jawo haka, ko da bai tambaya ba. Ku gaya masa wanda zai riƙe shi da inda zai kwana. In ya maimaita tambaya sau goma, ku amsa sau goma. Kuma don Allah ku sanar da malaminsa, na lakwal da na allo, tun cikin makon farko, kafin a kai ga dukansa saboda makara ko rashin karatu.