Yadda Matashi Zai Tsara Shekararsa Ta Farko Bayan Kammala Sakandare

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta NECO, harabar makaranta takan kacame da murna. Ana sa wa juna hannu a jikin farar riga, ana ɗaukar hotuna, 'yan kwana suna ɗaure katifa da akwati. An yi kandi. Bayan mako biyu sai gari ya yi tsit, babu ƙararrawar safe, babu malamin da zai ce ga abin da za a yi gobe. Shekara shida ana tsara wa yaro lokacinsa, yau ga shi an damƙa masa shi a hannu.

A wannan gaɓa ce matasa masu kaifin basira suke asarar shekara ɗaya ko biyu saboda ƙananan abubuwa: harafi ɗaya da ya sauya a suna, layin waya da ya ɓata, darasi ɗaya da aka zaɓa ba daidai ba. Duk ana iya kauce musu idan an bi abin daki-daki.

Mataki na ɗaya: daidaita takardu

Kafin a yi zancen jami'a, sai matashi ya shimfiɗa takardunsa a kan tabarma ya duba su ɗaya bayan ɗaya: takardar haihuwa, katin NIN, shaidar kammala firamare, takardar rajistar WAEC ko NECO, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Abin nema shi ne suna da ranar haihuwa su zo iri ɗaya a ko'ina.

A ƙasar Hausa wannan babban aiki ne. Yaro ɗaya sai a same shi Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku. Wata yarinyar tana amfani da sunan mahaifi a makaranta, a NIN kuwa an ƙara mata sunan kaka ko na garinsu. Tun daga 2021 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma sunan da ke rumbun hukumar NIMC mai bayar da NIN shi take ɗaukowa kai tsaye. Gyara a NIMC yana cin kuɗi, yana cin lokaci, don haka a watan Agusta ya kamata a fara shi, tun layi bai yi tsawo ba. Ranar haihuwar da aka shigar yanzu ita za ta bi mutum har zuwa bautar ƙasa, inda wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa sansani.

Sai layin waya. Ya zama na ɗalibin ne, an yi masa rajista da sunansa, kuma zai riƙe shi shekaru. Layin mai shagon intanet ko na wani abokin yaya ba ya cikin lissafi, domin ta wannan layi ne saƙonnin JAMB za su riƙa shigowa.

Mataki na biyu: karanta sakamako da idon basira

Sakamakon WAEC yakan fito a watan Agusta, na NECO ya biyo baya. Yawan darussan da aka ci ba shi ne abin fara dubawa ba. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya ga D7 ko E8 a Turanci ya tsallake faɗuwa, amma ba shi da kiredit, kuma yawancin kwasa-kwasai ba za su karɓe shi ba. Wasu jami'o'in ma, a fannin likitanci, zama ɗaya kawai suke amincewa da shi.

Wanda ya sami giɓi kada ya zauna jiran wata shekara. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, a ƙarshen shekara da kuma farkonta. NECO na da tata a watannin Nuwamba da Disamba. Ɗaliban makarantun fasaha suna da NABTEB, na makarantun Larabci da addinin Musulunci suna da NBAIS. Darasin da ya kayar da mutum shi zai sa a gaba, ya nemi malamin da zai zauna da shi, ya bi tambayoyin shekarun baya har ya gane salonsu.

A nan ne masu cibiyoyin satar amsa suke baza komarsu. Sukan karɓi kuɗi mai kauri, sannan hukuma ta riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya. Wanda ya tsira ma, jarrabawar kwamfuta tana jiransa a gaba, inda babu mai miƙo masa takarda ta taga.

Mataki na uku: tunkarar JAMB

An kafa JAMB a 1978, kuma tun 2015 jarrabawarta ta UTME ta koma kan kwamfuta kacokan. Rajista takan buɗe a farkon shekara. Ɗalibi zai tura kalmar NIN da lambobinsa 11 zuwa 55019 daga layinsa, a dawo masa da lambar sirri, ya sayi fom da ita, sannan ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kafin ya tashi daga kujera ya karanta duk abin da aka shigar a kan allo. Cibiyoyin nan cike suke da jama'a, mai shigar da bayanai yana sauri, kuskure ba ya yi masa wuya.

Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne a cikinsu. Mai neman likitanci zai haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai ɗauki Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son karatun lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba. Kundin bayanai na JAMB ya jera abin da kowane kwas yake buƙata a kowace makaranta, kuma wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci maki 300 ba za a ɗauke shi a wannan kwas ba.

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Wato kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa zai tafi wajen neman inda zai danna. Ya nemi cibiya ko shagon intanet ya yi gwaji sau da yawa, agogo na gefensa, ya kuma shiga jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaske.

Mataki na huɗu: zaɓen kwas da makaranta

A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka rubuta UTME, fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙofar waje ce kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'auni, kowane sashe ma haka, kuma likitanci da lauya da haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo suna neman maki da ya yi wa wannan nisa ƙwarai.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda jihohin arewa suka fi yawa a cikinsu. Ɗan Katsina ko Jigawa da ya zaɓi jami'ar yankinsa yana da ƙofofi uku, wanda ya tsallaka nesa yana iya rasa ta tsakiya.

Idan maki ya fito bai kai na kwas ɗin da ake buri ba, JAMB tana ba da damar sauya kwas ko makaranta. Shekara uku ana bugun ƙofar likitanci da maki 190 asara ce, alhali fannin awon jini, aikin jinya, noma, kimiyyar kwamfuta da koyarwa suna buɗe. Matashi ya sami wanda ke aikin da yake sha'awa, ya wuni tare da shi a asibiti ko ofis ko gona, ya ga yadda aikin yake kafin ya ɗaura wa kansa shekara huɗu ko shida.

Mataki na biyar: bibiyar gurbi

Cin jarrabawa bai gama aiki ba. Yawancin makarantu suna yin tasu tantancewar, kuma wa'adin fom ɗinta gajere ne. Wanda ya yi rajistar JAMB tun sakamakonsa na WAEC ko NECO bai fito ba, wajibi ne ya koma cibiya a ɗora masa shi a shafinsa. Ɗalibai da dama sun ci maki mai kyau suka zauna gida saboda wannan kaɗai.

Tun 2017 duk wani gurbi na halak ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Ɗalibi ya riƙa leƙa shafinsa kowane mako, idan ya ga an ba shi gurbi ya danna amincewa da hannunsa cikin wa'adi, ya fitar da takardar. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, ko dai damfara ce, ko kuma gurbin da zai hana mutum zuwa bautar ƙasa bayan ya gama wahalar karatu, domin sunansa ba ya cikin rajistar JAMB.

Mataki na shida: sanin sauran ƙofofi

Kwalejojin fasaha irin ta Kaduna, ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi suna ba da ƙaramar difloma cikin shekara biyu, a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, a dawo a yi babbar difloma. Kwalejojin ilimi suna ba da takardar shaidar malanta ta NCE cikin shekara uku. Masu ƙaramar difloma da NCE da suka fita da sakamako mai kyau suna iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, haka ma wanda ya ci jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Makarantun jinya, unguwarzoma da kiwon lafiya a matakin farko suna fitar da ma'aikatan da asibitocin karkara ke nema ruwa a jallo, musamman mata. Mai aiki ko matar aure tana da jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiyoyi a jihohi. Mai sha'awar ɗamara kuwa akwai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna da makarantar 'yan sanda ta Wudil.

Mataki na bakwai: sana'a a lokacin jira

Tsakanin kandi da ranar fara lacca ana iya shafe shekara guda cur. Bayan an shiga ma babu tabbas, domin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Wanda ya bar wannan lokaci ya tafi a zaman majalisa da latsa waya, yana buɗe wa miyagun abokai da masu tallar ƙwaya ƙofa.

Wata shida ya isa yaro mai natsuwa ya iya sauya gilashin waya da bakin caji a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko ya fara riƙe abin walda a Panteka ta Kaduna, ko ya koyi haɗa wutar sola, wadda yanzu gidaje da shaguna ke rububinta. Ɗinki, girkin sayarwa, ƙunshi, kiwon kaji da aikin kwamfuta duk suna tafiya tare da karatu. Ladabin shiga sana'a sananne ne: uba ko kawu ya kai yaro wurin maigida, a yi magana a fili kan lokacin zuwa da tashi, da ranakun da zai je darasi. Makonnin farko shara ce da aike da miƙo sukundireba. Wanda ya jure wannan, shi ake nuna wa cikin injin.

Mataki na takwas: zama da iyaye kan kuɗi da aure

Tun gurbi bai fito ba ya kamata a zauna a yi lissafi: kuɗin fom, kuɗin rajista, ɗakin kwana, abinci da mota. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da bashin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba mai buƙata naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana neman NIN, lambar banki ta BVN da lambar JAMB, don haka wanda ya cika 18 ya buɗe asusun banki da sunan da ya dace da takardunsa. Hukumomin tallafin karatu na jihohi su ma suna buɗe shafinsu lokaci-lokaci.

Ga 'yan mata, sau da yawa zancen aure yakan taso daidai wannan lokaci. Idan yarinya tana son ci gaba da karatu, ta faɗa wa mahaifiyarta ko gwaggonta tun da wuri, waliyyai su tayar da maganar a gaban wakilan ango kafin a sa rana, a fayyace makarantar da za ta yi da wanda zai ɗauki nauyi. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure shi da ita kaɗai ba shi da shaidu.

Wanda ya bi waɗannan matakai, watan Janairu zai same shi a shirye. Ranar da aka buɗe rajista zai nemi izinin maigidansa, ya wanke hannu daga baƙin mai ko ya kakkaɓe zare daga riga, ya ɗauki jakar takardunsa da layin wayarsa, ya isa cibiya tun da sanyin safiya, da darussa huɗun da zai rubuta a rubuce cikin aljihu.