Kafin Ki Kwance Haɓar Zani

'Yata, tunda Allah ya sauke ki lafiya, masu talla za su sa ki a gaba, don sun san zuciyar mai jego taushi gare ta.

Ki lura da tallan kayan miya da ake yi da azumi. Ba a gaya miki abin da ke cikin dunƙulen, balle yawan gishirinsa. Sai dai a nuna an kira magariba, iyali sun kewaye akushi, maigida ya kai loma ya yi wa uwargida murmushi. Murmushin nan ake sayar miki. Sana'ar maroƙi ce: ya yi ta wasa ki har kanki ya kumbura, ki yi kyautar da ba ki shirya ba. Haka Coca-Cola ta yi a Ostireliya a 2011, da ta buga sunayen mutane a jikin kwalba, dabarar ta iso Najeriya a 2015. Lemon bai canja ba, amma kowa na son ganin sunansa. Wannan da sauƙi, 'yan canji ne suka tafi.

Wanda nake jiye miki shi ne tallan da ke shiga ta ƙofar tsoro. A shekarun 1970 kamfanonin madarar jarirai sun cika Afirka da Asiya da hotunan jarirai ɓul-ɓul, wasu har da mata masu talla sanye da kayan nas. Uwa ta dubi hoton, ta dubi ɗanta, sai ta fara zargin nononta. Madarar ga tsada, don haka a tsinka ta da ruwa, ruwan kuma ba tsafta. Gudawa da tamowa suka kashe yara da yawa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé, ɗaya daga cikin kamfanonin nan, a Amurka, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata irin wannan madara ga jama'a. Soyayyar uwa aka yi amfani da ita, shi ya sa abin yake min ciwo har yau.

Ban ce duk mai talla maƙaryaci ne ba, wani kayansa na da kyau. Amma in talla ta sa ki hawaye ko faɗuwar gaba, ki bari a kwana, sannan ki karanta abin da aka rubuta a bayan gwangwani, ki tambayi farashi. Yaron nan kuwa, nono zalla ya ishe shi har wata 6. In kin ga kamar ba ya ƙoshi, ki kai shi asibiti a auna shi.