Darasi a kan Dubiya da Tsabtar Hannu

Ya ku 'yan'uwa, dubiya aikin ƙauna ce, jinya kuwa ta fi ta nauyi. Sa'ad da aka kwantar da mutumin Bunkure a asibitin Kura, ko a Asibitin Murtala cikin birnin Kano, dangi ba su barinsa shi kaɗai. Wata takan zauna jinya, waɗansu su kawo kunu da tuwo. Wannan hali ne nagari. Amma ku lura, hannun da ya kawo kunu yana iya kawo cuta, gama ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Hanya biyu suke bi.

Ta fari, daga hannun mai lafiya zuwa jikin mara lafiya. A shekarar 1847, cikin wani asibiti a birnin Biyana na ƙasar Austiriya, zazzaɓi yana ta kashe mata masu jego. Wani likita, Semelwais, ya lura likitoci da ɗalibai suna fitowa daga wurin binciken gawa, su je su duba matan. Sai ya umarce su su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu wajen mata 18 cikin 100 suka rasu, a watan Yuni kuwa wajen 2 kaɗai.

Ta biyu, daga mara lafiya zuwa mai jinya. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa, aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Zazzaɓin Lassa ke nan, yakan bi jini da amai da fitsarin mai ciwo. Kwalara kuma takan bi hannu daga bayan gida zuwa baki.

Mu da muke ƙasar noman rani, sai mu ƙara kula. Manomi yakan taso daga gonar shinkafa ko ta tumatir da taki a farce, ya ɗauraye hannu a magudanar ruwan da ya zo daga madatsar Tiga, ya ce ya wanke. Bai wanke ba, gama a nan ake wanki, shanu kuma suna sha. Haka nan kwano ɗaya da mutum biyar suka tsoma hannu ciki, na ƙarshe dattin huɗu ya ɗauka.

Ga lokatan wanke hannu:

1. Da shigarka ɗakin, kafin ka taɓa mara lafiya.
2. Kafin ka ba shi abinci ko magani, da kafin ka ci naka.
3. Bayan ka zubar da fo, ko ka share amai, ko ka taɓa miki.
4. Bayan ka fito daga bayan gida.
5. Sa'ad da za ka koma gida wurin 'ya'yanka.

Ga kuma yadda ake yi. Wani ya zuba maka ruwa mai tsabta daga buta. Ka sa sabulu, ka cuɗa tafi da bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin duka ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Kada ka goge da rigarka, bari iska ta busar. In akwai sanitaiza, daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa, sai dai in datti ya bayyana a hannun.

Wani zai ce, in na wanke hannu a gaban ɗan'uwana, zai zaci ƙyamarsa nake yi. Gaya masa dalili da tattausar murya, ka wanke tun kafin ka taɓa shi, zai gane dominsa ka yi. Mai tari ko gudawa kuwa ya zauna gida, ya aika da gaisuwa. Saboda haka, duk wanda zai tafi dubiya ya sa guntun sabulu cikin kayansa tare da kwanon abinci.