Darasi: Hanyar jirgin ƙasa, me ke sa ta yi amfani?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ranar kasuwa ya san yadda manyan motoci ke cika ta. Wannan ɗauke da wake ko aya, wancan da siminti, wani da bisashe. Ƙananan motocin fasinja suna kutsawa tsakaninsu. Nauyi yana fasa kwalta, ramuka suna kawo haɗari, hukuma kuma tana ta kashe kuɗin gyara.

Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kotonu ya fi kilometir 1000. Kuɗin wannan doguwar tafiya, mu ke biyan shi cikin farashin taki da shinkafa da kwanon rufi. Shi ya sa ake maganar jirgin ƙasa.

Mu yi ɗan lissafi tukuna. A ce babbar mota tana ɗaukar ton 30. A ce jirgi yana jan tarago 30, kowane da ton 40. 30 sau 40 ya ba da 1200. A raba 1200 da 30, an samu 40. Ke nan jirgi guda ya ɗauke wa hanya mota 40.

To amma shimfiɗa ƙarfe kaɗai ba ya isa. Tarihi ya nuna mana haka.

Jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Duka kusa da iyakarmu, amma bai ƙetaro ba. Ta wajen Benin, wadda a da ake kira Dahome, dogo ya taso daga Kotonu ya tsaya Paraku, kilometir 438. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa ma'aikata guda, wadda daga baya aka sani da OCBN, don kula da shi. Tsofaffi sun tuna zamanin gujiya: mota ke kai buhuna Paraku ko Kano, can a sauke, a sake loda su cikin jirgi.

A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilometir 140. An yi bukin buɗe shi a watan Janairu na 2016. Niyya ita ce ya wuce Gaya, ya ƙetare kogin Isa, ya haɗu da na Paraku. Sai rigimar shari'a ta taso a Benin kan wanda ke da izinin aikin, aiki ya tsaya. Dogon da bai kai teku ba, wane ɗan kasuwa zai loda masa kaya? Ba wanda zai sauke shinkafa a Doso, ya biya ƴan dako, don kilometir 140 kawai. Manyan motoci suka ci gaba da bin kwalta kamar da.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: faɗin dogo ba ɗaya ba ne. Tsakanin ƙarfe biyu na dogon Benin da na Doso mita 1 ne. Tsohon dogon Najeriya santimita 106 da ɗan ɗori. Sabon da ake yi yanzu santimita 143 da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan, kamar yadda amalanke mai faɗi ba ya shiga ƙaramar ƙofa. Inda faɗi ya bambanta, dole a sauke kaya a sake lodi, kuma wannan kuɗi ne da ɓata lokaci.

Aikin da ya fi shafar mutanen Maraɗi shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi, kilometir 284. Gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin, aka aza harsashi a watan Fabrairu na 2021, zamanin shugaba Muhammadu Buhari. Hanyar da aka zana ta bi Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Irin mai faɗi ne, don fasinja da kaya duka. Fa'idarsa a kan na Doso ita ce ya haɗa manyan kasuwanni da suka daɗe suna ciniki da juna, don haka ko kafin ya kai teku akwai abin ɗauka. Amma kada mu yi gaggawar murna. Sabon dogon Najeriya guntu-guntu aka yi shi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021. Sai an haɗa guntayen nan da Kano sannan tarago zai tashi daga Maraɗi ya kai bakin teku ba tare da sauke kaya ba.

Direbobi kuwa kada su ji tsoro. Jirgi ba ya shiga ƙauye. Albasar Galmi da waken Tasawa, mota ce za ta kawo su tasha. Abin da zai rage shi ne doguwar tafiya mai nauyi.

A ganinmu, abin da ya kamata wakilan manoma da ƴan kasuwa su tambaya tun yanzu shi ne: ina za a gina tasha, kuma akwai hanya mai kyau daga kasuwanninmu zuwa gare ta? Ina za a bar mashigar bisashe, don kada dogo ya yanke burtali? Wanda aka bi ta gonarsa, wa zai auna ta, kuma yaushe za a biya shi diyya? Sannan ma'aikatan duwan na ƙasashen biyu su shirya yadda za su duba kaya wuri guda. In jirgi ya kwana biyu a iyaka yana jiran takarda, mai tumatir zai koma wa mota.