Wasiƙa ga Matasan Kafintoci: Ku Fara da Ƙwallon

 

Na ji an kawo muku aikin kayan kuroke, har kuna dariya wai wasan tsofaffin Turawa ne. E, nasu ne. Kulob ɗin Wimbledon na Landan da ake ta yayatawa saboda tanis, don kuroke aka kafa shi a 1868, kuma an buga wasan a gasar Olamfik ta Faris a 1900. Yanzu ma Misirawa sun yi fice a wani nau'insa. Kayan ba su da yawa: guduma mai doguwar ƙota, ƙwallo 4, ƙofofin ƙarfe 6 da turke guda. Ƙofofin ku bar wa mai walda.

Gudumar ba za ta wahalar da ku ba. Ku huda ramin ƙota tun katakon kan gudumar yana da kusurwa huɗu, kafin ku ɗora shi a injin juyawa, don in ya zama mulmulalle sai ya riƙa zille wa abin huji. Turawa da wani katako mai nauyi na yankin Karibiyan suke yin kanta a da. Kirya ko kanya za su ishe ku.

Ƙwallon ne abin tsoro. Faɗinsa milimita 92 ne, ƙofar da zai ratsa kuma da kamar milimita 3 kacal ta fi shi. To, ina wurin "ai ya yi daidai, maigida"? Ku fara mulmula katakon kamar ganga, ku ja layi da fensir a tsakiya, ku yanka rabin da'ira a kwali ku riƙa karawa. Sai ku cire shi, ku matse shi tsakanin ƙoƙuna biyu na katako, ku sauya masa kwanciya. Yana juyawa za ku ga wata inuwa-inuwa a gefensa. Ita za ku bi da cizal a hankali har ta ɓace. Ku sake juya shi, ku maimaita. Samfefa sai a ƙarshe, ba ta gyara karkatacce.

Ƙwallon farko da na yi, da ɗanyen maɗaci na yi shi saboda gaggawa. Ya yi sumul har na shafa masa shuɗin fenti ina nuna wa maƙwabta. Hunturu na shigowa ya tsage kamar dugadugin manomi, na biya kuɗin mutane daga aljihuna. Katako yana bukatar wajen shekara guda a inuwa ga kowane inci na kauri.

Sannan don Allah kada wanda ya matso kusa da injin da babbar riga ko rawani mai jela. Ku naɗe hannun riga, ku sa tabarau.

In kun gama ƙwallo na farko, ku gangara shi a kan siminti. In ya yi ɗingishi, ku mayar da shi inji kafin ku taɓa na biyu.

Naku,
Baban shago